Kawu da Mazubinsa a Shekarar Sanƙarau

Ranar da Kawu ya rasu, mahaifiyata ba ta yi kuka ba sai da ta ga akwatin. Ita ce ƙanwarsa, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Tun safe tana zaune bisa tabarma a tsakar gidansa na Madarunfa tana amsa gaisuwa, idonta a bushe. Da mutanen majami'ar su Kawu suka iso daga Maraɗi da akwatin katako a bayan kamyo, babbar motar kaya, sai ta miƙe ta dafa bango. Ta ce da ni a hankali, “A cikin wanga za su rufe shi? Shi da ba ya kwana ɗakin da ba taga?” Daga nan kukan ya zo mata, kuma bai tsaya ba har aka fita da shi.

A waje, ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gida, fasto na zaune gefe guda da mutanensa, limamin unguwa da tsofaffin gari na ɗaya gefen, butar ruwa ɗaya na yawo tsakaninsu. Ma'aikatan likita, wato asibiti, sun zo bisa baburan mobilet daga Gabi da Sarkin Yamma da Ɗan Issa. Wani tsoho daga cikinsu, mai tabarau mai kauri, ya zauna nesa da kowa yana ta share hawaye da hularsa. Inna, matar Kawu, tana cikin ɗaki da matan majami'a suna rera waƙoƙinsu ƙasa-ƙasa. Da ta gan ni ta kwance mabuɗin ɗakin aiki daga bakin zanenta ta danƙa mini, ba ta daina waƙar ba.

Na riƙe mabuɗin har ya yi zufa a hannuna. Ban iya buɗe ɗakin ba ran nan. Tsoro nake ji, kuma da na bincika raina sai na ga ba baƙo ba ne. Yawancin abin da nake tunawa game da Kawu da tsoro a cikinsa, nawa ko nasa ko na gari duka. Shi ya sa nake son in rubuta shi yadda na san shi, kafin mutane su mayar da shi tsoho mai kirki kawai wanda ya iya inji.

Yana yaro ciwon ƙafa ya kai shi likitar ƴan mishan. Ya daɗe can, ya dawo da ƙafa lafiyayya da karatun boko da addininsu. Kakanmu ya yi shekaru bai ci abinci kwano ɗaya da shi ba. Daga baya ya tafi Yamai, ya yi aiki a wani ofishi inda na'urar lissafi ɗaya ke cika ɗaki. Da ya aje aiki, farkon shekarun casa'in, ya dawo gida da ordinatar ƙarama guda, wato kwamfuta, da injin buga takarda, da ɗan gurup mai ba da wuta. Gari ya ɗauki zance. Wasu suka ce ƙidayar mutane yake yi wa gwamnati a ɓoye. Mata suna hana yaransu leƙa tagar. Ni kaina tun ina ƙarama nake shakkarsa, don dogo ne, ba ya yawan magana, in ka faɗi abu sai ya dube ka ya daɗe kafin ya amsa.

Na gama koyon buga tafireta a Maraɗi, na yi aure, muna zaune Madarunfa da maigidana, direban motar haya ne tsakanin Maraɗi da Ɗan Issa. Ɗana na fari yana goye a bayana ranar da Kawu ya aiko in zo. Ya zaunar da ni gaban na'urar. Allon baƙi ne wuluk, ɗan layi fari na ƙyaftawa a kusurwa. Ya ce mutanen bankin cimaka na wani ƙauye suna son furogiram da zai riƙe musu buhunan hatsi, abin da ya shiga rumbu da abin da ya fita, ni zan yi. Na ce, “Kawu, in na taɓa ya lalace fa?”

Ya dube ni irin dubansa. Ya ce, “Mi kike tsoro, baƙin allon? Ni ma ina tsoronshi. Shi ya sa ba ni farawa daga nan.”

Ya buɗe wani gwangwanin biskit ya ciro disketi guda, ɗan faifan ajiyar bayani, naɗe cikin ƙyalle. Shi ne abin da yake kira mazubi, kamar na maginin bulo. A cikinsa akwai ƙashin kowane furogiram a shirye: allon gaisuwa, jerin zaɓi da mutum zai danna, wurin kalmar sirri, ɓangaren da ke buga takarda, da wanda ke kwafe duk abin da aka shigar zuwa wani disketi kafin a kashe na'ura. Har ɗan fayil ɗin da ke girka furogiram a na'urar wani yana ciki, da shafin bayani cikin Faransanci da Hausa wanda sai cike gurabe kawai. In sabon aiki ya zo, sai a kwafi mazubin, a ba kwafin suna, a cika abin da ya keɓanta da aikin, buhu ne ko magani ko sunayen ƴan lakwal, wato ƴan makaranta. Mazubin kansa ba a rubutu a kansa. Ɗan makullin kusurwarsa mai hana rubutu kullum a ture yake.

Ran nan kafin la'asar na ga sunan bankin cimakar ya fito bisa allo da jerin zaɓi a ƙasansa, alhali ban rubuta abin da ya wuce layi kaɗan ba. Kawu bai yaba mini ba. Ya ce kawai, “Kin ga, ba ke kaɗai ba ce a ɗakin. Duk kuskuren da na taɓa yi na gyara, yana nan ciki yana taya ki.”

Fara aiki bai cika damunsa ba. Abin da yake ɗauka da nauyi shi ne sallama, wato ranar da furogiram zai bar ɗakinmu ya tafi hannun masu shi. Kowace sallama da lambarta, kuma tsohuwar ba a yar da ita, ko da sabuwar za ta ba da kunya a koma. Kafin sallama sai ya girka aikin tun daga farko kamar baƙo. Sai ya kira wanda bai san komi a kai ba ya ce ya danna duk abin da ya ga dama. Yawanci Inna ce, tana tsaki tana cewa tuwonta zai ƙone. Sannan abin da na fi ƙi: ina tsakiyar shigar da bayani sai ya miƙa hannu ya zare wayar wuta. Allo ya mutu, gabana ya faɗi. Ya kunna, mu duba abin da ya tsira. Tambayarsa ɗaya ce kullum, “In wuta ta ɗauke fa?” Har a gida, in Inna ta ce za ta je biki Maraɗi ta dawo a yini, sai ya ce, “In motar ta mutu fa?” Ita kuma ta ce, “Sai in kwana, Malam, ba a kaina anka fara ba.”

Tsohon nan mai tabarau da na ce ya yi ta kuka, ma'aikacin likita ne, shi ke riƙe da ɗakin magani. Wata rana ya zo da yamma, ya jira sai da na fita ba yaro nono, amma ina jin su ta taga. Ya ce idonsa ya fara mutuwa, ba ya ganin rubutun allon, yana tsoron in shugabansa ya gane za a ce ya aje aiki, ga yara ƙanana. Kawu bai ce masa komi ba ban da “To.” Sati bai zagayo ba ya sa wa mazubin maɓalli guda da ke mayar da rubutu manya-manya. Bai sa shi a furogiram ɗin tsohon kaɗai ba. Ya bi duk wuraren da muka taɓa yi wa aiki ya kai musu sabuwar sallama, ya ce gyara ne na kowa. Na tambaye shi dalilin wannan wahala. Ya ce, “In nashi kaɗai ya canja, za a tambaya don mi.”

Sai shekarar sanƙarau ta zo.

Da zafin bazara ta shigo, tafkin garinmu ya ja baya ya bar taɓo. Da fari labari ne daga nesa, an ce wani ƙauye an binne yara uku a yini. Sannan ya zama unguwar bayanmu. Yaro ya tashi lafiya, da hantsi ya ce kai, da azahar wuya ya sanƙare, washegari a ɗauke shi a tabarma. An hana taron biki. Kasuwa ta rage. Likitar gari ta cika har aka kafa rumfunan zana a fili, marasa lafiya kwance a ƙasa. Kowace safiya kafin in wanke fuska sai in kama kan ɗana in lanƙwasa haɓarsa zuwa ƙirji in ga ko zai yi kuka. In ya yi dariya sai in sake, bayan ɗan lokaci in ƙara gwadawa. Maigidana ya ce in daina zuwa gidan Kawu, don ma'aikatan likita na shiga can da cutar a rigunansu. Na ce to, amma ban daina ba. Na riƙa barin yaron wurin mahaifiyata.

Wata safiya majo ya zo, wato babban ma'aikacin jinya na yankin. Idonsa ja, rigarsa duk tabo. Bai zauna ba. Ya ce allurar maganin kaɗan ce, motar da ke rarraba ta guda ɗaya ce, ƙananan likitocin ƙauyuka kuma suna aiko ƙidayarsu a guntayen takardu ta hannun ƴan mobilet: sababbin kamu nawa, kwalabe nawa suka rage. Takardun sun yi tudu bisa teburinsa, ba ya iya gane inda magani zai fara ƙarewa. Kowace safiya da ka yake zaɓar inda mota za ta nufa. Yana son abin da zai shigar da ƙidayar ya fito masa da amsa, a na'urar ofishinsu.

Kawu ya ciro mazubi. Ban taɓa ganin ya yi sauri haka ba. Shi yana faɗa, ni ina bugawa, gurup na ruri a waje, zufa na ɗiga daga haɓata bisa maɓallai. Saboda ƙashin aikin na nan a shirye, kafin rana ta yi sanyi furogiram ɗin na tafiya. Majo ya dawo da la'asar, ya ga takarda ta fito da sunayen ƙauyuka a jere, ya miƙa hannu ya ce a ba shi disketin.

Kawu ya ce, “Ba a sallame shi ba. Sai gobe.”

Majo ya ce, “Baba, ga shi yana aiki, da idona na gani.”

“Yana aiki a hannuna. Ban san abin da zai yi a hannunka ba.”

“Mutane na mutuwa. Motar za ta tashi da asuba ko da wanga ko babu.”

“In ta tashi da zatonka, ka san zato ne, za ka yi hattara. In ta tashi da takardar inji, ba wanda zai yi musu da ita ko ƙarya ce.”

Majo ya ɗaga murya. Ya ce shi ya rufe idon yara da hannunsa yau, Kawu kuwa yana zaune a inuwa yana lallashin inji. Ya ce in wani ya mutu gobe saboda rashin magani, Kawu ya san da hannunsa a ciki. Na zaci Kawu zai yi fushi. Ya tsaya kawai yana riƙe da disketin a ƙirji, fuskarsa ta yi toka. Ya ce, “Na ji. Sai gobe.” Majo ya fita bai yi sallama ba. Ni ma a raina ina bayan majo.

Da ya tafi na lura Kawu yana murza ƙeyarsa. Ya ce kai ne ke ɗan sara masa, zafi ne. Ya ce in je gida, mu gama da safe.

Da safe na tarar da ƙofar gida a buɗe, Inna tsaye a tsakar gida da ɗankwali a hannu. Ta ce, “Ɗiyata, wuyan Kawunki ya ƙi lanƙwasa.” Yana kwance a gefe, kansa ya ja baya, idonsa a rufe don haske na yi masa zafi. Jikinsa kamar garwashi. Maƙwabta suka kawo amalanke. Lokacin da ake ɗaga shi ya kama hannuna, bakinsa na motsi. Na sunkuya. Ya ce, “Kada ki tsallake mataki ko ɗaya.” Suka tafi da shi rumfunan zana, Inna na bin amalanken da gudu-gudu.

Na shiga ɗakin aiki ni kaɗai. Kujerarsa na nan da zanen da yake goge wuya. Jiya duk yini kanmu a haɗe yake bisa allo ɗaya, numfashinsa a kuncina. Na taɓa ƙeyata. Na lanƙwasa wuyana, na sake lanƙwasawa, har na rasa gane ko ciwo nake ji ko tsoro. Na tuna da daddare na rungumi ɗana. Sai da na fita bayan ɗaki na yi amai, na wanke baki, sannan na ja igiyar gurup.

Disketin na bisa tebur. Ba abin da ya fi sauƙi kamar in ɗauka in ruga ofishin majo. Motar ta riga ta tafi ta yau, amma ƙidayar gobe na jira. Na zauna na bi matakan yadda muka saba. Na girka shi daga farko kamar baƙuwa, ya girku. Na fara shigar da ƙidayar ƙarya, na rufe ido na zare wayar wuta da hannuna. Na kunna. Komi na nan. Saura mutumin da bai san komi ba, Inna kuwa tana can gindin Kawu.

Ina cikin wannan sai ga maigidana a ƙofa. Labari ya iske shi a tasha. Bai shigo ba, ya tsaya a dokin ƙofa ya rufe hanci da rawani. Ya ce, “Tashi mu tafi gida. Yanzu.”

Na ce, “Malam, don Allah shigo ka danna mini wanga abu, sannan in bi ka duk inda ka ce.”

“Kina son ki kashe mu duka?”

“Ni ma tsoro nake ji. In ka taimake ni zan fi saurin fita.”

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya shigo, ya zauna a bakin kujera kamar mai shirin gudu. Ya yi lakwal kaɗan, yana iya haɗa baƙaƙe. Na ce ya sa sunan kowane ƙauye da ya ga dama da kowace ƙidaya. Da yatsa ɗaya ya sa ƙauyen mahaifiyarsa, ya ba shi kwalabe da yawa. Ya rasa wani suna, sai ya sake sa wannan sunan, ya ce ai akwai wani mai sunan can wajen Gabi, shi bai ba shi ko kwalba ɗaya ba. Na danna a buga. Takarda ta fito da ƙauye ɗaya, mai wadataccen magani. Na biyun ya ɓace a cikin na farko.

Ƙauyukanmu masu suna iri ɗaya ba su da iyaka, kuma cikin saurin jiya da suna kaɗai muka bambanta su. Maigidana ya dubi fuskata ya ce, “Na ɓata ne?” Na ce a'a. Ban taɓa gyara abu mai girma haka ba Kawu a gefena ba. Na buɗe furogiram ɗin ina karanta layukansa da ƙarfi kamar mai tilawa, na sa kowane ƙauye ya ɗauki sunan likitar da yake ƙarƙashinta. Na lalata wani wuri, allo ya cika da rubutun da ban gane ba, na koma kwafin jiya na sake. Maigidana bai ƙara cewa mu tafi ba. Da gurup ya fara tari ya fita ya zuƙo mai daga motarsa ya zuba. Da na gama ya sake danna ƙauyukansa biyu, suka fito biyu. Na sake zare wuta. Na rubuta lambar sallama bisa disketi biyu, na cike shafin bayani, ya kai ni ofishin a motarsa.

Majo ya karɓa bai dube ni ba. Na girka masa, na nuna wa akawunsa, ya shigar da ƙidayar takardun. Da takardar farko ta gaskiya ta fito ya karanta, ya sa yatsa bisa sunan da ke sama. Wani ƙauye ne can kudu. Maganinsu ya ƙare tun jiya, takardarsu na cikin tudun ba wanda ya kai gare ta, motar safiyar nan kuwa gabas ta yi. Ya ce da akawun a juya mota da ta dawo, ko dare ya yi. Sannan ya ce da ni, “Kawunki na rumfa ta uku. Na yi mishi allurar da hannuna.”

Daga baya muka ji cewa a yinin nan yara sun mutu a ƙauyen. Ba wanda zai iya cewa da motar ta je da safe za su tashi. Ba wanda zai iya cewa ba za su tashi ba.

Ni ban kamu ba, ɗana ma bai kamu ba, ko da yake na yi makonni ina farkawa da hannu a ƙeya. Furogiram ɗin ya yi aiki har ruwan farko ya sauka cutar ta lafa. Kawu kuwa ya yi kwanaki bai san inda yake ba. Ranar da ya buɗe ido ina wurin. Inna na yi masa magana, tana kiran sunan Yesu, tana dariya da hawaye. Ya dubi bakinta. Ya dubi nawa. Ya ce da murya mai ƙarfi da ba tasa ba, “Don mi kuke raɗa?” Inna ta ɗaga murya. Ya kai hannu ya tafa kusa da kunnensa, ya sake tafawa. Mutumin da duk gari ke shakka, na ga idonsa ya zama na yaro da ya ɓace a kasuwa. Ya damƙi zanen Inna ya ƙi saki har yamma.

Bai ƙara ji ba. Muka samo masa allon ƴan lakwal da alli, da shi ake yi masa magana. Ya koma aiki a hankali. Yakan ɗora tafin hannu bisa na'urar don ya ji tana motsi. Ya daina yarda ya zauna ya ba ƙofa baya, kuma in Inna ta je kasuwa sai ya fito ƙofar gida ya zauna har ta dawo. Na rubuta masa labarin ƙauyuka biyu masu suna ɗaya, ina zaton zai ji daɗi. Ya karanta, ya gyaɗa kai. Ya ce, “Motar fa, ran nan ina ta tafi?” Na so in ɓoye, amma ya riga ya ga fuskata. Na rubuta masa duka.

Bai sake tayar da zancen ba har aka yi girbi. Wata safiya ya sa babbar rigarsa ta zuwa majami'a, ya ce in gaya wa maigidana yana son a kai shi ƙauyen nan na kudu. Inna ta ce ba ya da ƙarfin tafiya. Bai ga bakinta ba, ko ya yi kamar bai gani ba.

Muka tafi mu uku. Hanya duk rairayi, karan gero a tsaye, rumbuna sababbin yaɓe. Maigarin ya karɓe mu, ya zaci Kawu babban likita ne daga Maraɗi. Kawu ya ce da muryarsa mai ƙarfi ya zo gaisuwar yaran da suka rasu da bazara, a nuna masa gidajen. Ina tsoron ya faɗi dalilin, ina tsoron abin da za su yi in sun ji. A gida na farko ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaban uban yaron, manomi ne da bai kai rabin shekarunsa ba. Ya ce, “Ranar da maganinku ya ƙare, akwai wani aiki a hannuna da na riƙe yini ɗaya. Da na sake shi, wataƙila motar ta zo muku da safe. Na zo in gaya muku da bakina.”

Mutumin ya dube ni, ya dubi maigari. Ban ga alamar ya gane wane irin aiki ba ne. Ya kama Kawu ya ɗaga shi, ya yi magana mai ɗan tsawo, ya sa aka kawo fura. Haka muka bi gidajen, Kawu na maimaita maganarsa a kowace ƙofa. Wata uwa ba ta fito ba, daga bayan zana ta amsa. Wata tsohuwa ta kawo gyaɗa a ƙwarya ta zuba masa a aljihu.

A mota, da muka bar ƙauyen, ya miƙo mini allon. Ya ce, “Mi sunka ce?”

Na rubuta: Sun ce kwanansu ne ya ƙare. Sun ce an gode da tattaki. Sun ce ka gaida gida.

Ya karanta ya daɗe. “Wadda ke bayan zana fa?”

Na riƙe allin, motar na girgiza. Na rubuta gaskiya: Ta ce ta ji.

Ya karɓi allon ya ɗora bisa gwiwa, bai goge ba. Ya ce, “Ita ce ta amsa mini.” Ya juya yana kallon gonaki har muka shigo gari.

Ya ƙara damina biyu a duniya. Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi, da rana tsaka, kansa bisa cinyar Inna. Allahn da ya san abin da Kawu ya riƙe da abin da ya saki, Shi ya san hukuncin bawansa. Mu da ya bari, Allah ya ba mu haƙuri, ya sanyaya zuciyar Inna da ta mahaifiyata, da ta matar nan da ban taɓa ganin fuskarta ba.